Wa Ke Biya? Darasin Kamfanonin Intanet na Farko ga Matasa

Kasuwanci da jama'ar gari ta intanet ya fara kankama ne a Amurka tsakanin 1994 da 1995. Kafin lokacin, intanet hanya ce ta jami'o'i da cibiyoyin bincike da hukumomin gwamnati, kuma ƙa'idojin babban layin da gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinsa ba su ba da damar saye da sayarwa a kansa ba. Abu biyu suka sauya al'amarin. Da farko an samu manhajar buɗe shafuka mai nuna hotuna, wato Mosaic a 1993 da Netscape a ƙarshen 1994, ta yadda ko wanda bai karanci kwamfuta ba zai iya shiga ya duba. Sannan a 1995 gwamnati ta janye hannunta daga babban layin, ta bar shi ga kamfanoni masu zaman kansu. Ranar 9 ga Agusta 1995 kamfanin Netscape ya fito da hannayen jarinsa kasuwa. An sa wa kowane ɗaya dala 28, amma kafin a tashi kasuwa a ranar ya haura dala 58, alhali kamfanin bai cika shekara biyu ba, bai kuma taɓa cin riba ba. Masu kuɗi suka ga haka, suka yi rububin zuba jari a duk abin da ke da shafi a intanet.

Shekaru shida zuwa bakwai da suka biyo baya sun cancanci nazari daga duk matashin da ke shirin neman abinci ta waya ko kwamfuta, domin a cikinsu ne aka gwada kusan dukkan hanyoyin samun kuɗi da ake amfani da su har yau, aka kuma ga ƙarshen kowace a fili. Kamfanonin sun bambanta a suna da haja, amma tambayoyin da suka yanke musu hukunci iri ɗaya ne: wa ke biya, nawa yake biya, nawa kuma ke saura bayan an gama yi masa hidima.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce talla. A watan Oktoba 1994 shafin HotWired na mujallar Wired ya fara sayar da fili a saman shafukansa, kuma kamfanin waya na AT&T na cikin waɗanda suka fara saye. Yahoo, wanda ɗaliban jami'ar Stanford biyu, Jerry Yang da David Filo, suka fara a 1994 a matsayin jerin shafukan da suka kasa gida-gida, shi ma ya bi wannan hanya. Mai karatu ba ya biyan ko sisi. Mai talla ne ke biya, gwargwadon yawan nuna tallansa da aka yi. Saboda haka burin kowane shafi ya koma tara jama'a ta kowace hanya. Raunin tsarin bai bayyana da wuri ba. Da mutane suka saba da allunan talla sai suka daina kula su, har masu dannawa suka gaza mutum 1 cikin 100. Wani abin kuma, kaso mai tsoka na masu sayen tallan sababbin kamfanonin intanet ne da ke kashe kuɗin masu zuba jari. Da wannan kuɗi ya ƙafe, abin da Yahoo ke samu ya sauko daga kimanin dala biliyan 1.1 a 2000 zuwa kimanin miliyan 717 a 2001. Wanda ya dogara da talla ya kamata ya san ba yawan mabiyansa kaɗai ba, har da inda masu ba shi tallan ke samo nasu kuɗin.

Hanya ta biyu ita ce la'ada, kuma babu inda ta fi fitowa sarai kamar a eBay. A watan Satumba 1995 Pierre Omidyar, haifaffen Faransa ɗan asalin Iran da ke aikin rubuta manhaja a Kalifoniya, ya buɗe shafin gwanjo mai suna AuctionWeb. Daga cikin abubuwan farko da aka sayar har da wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, wadda aka saya dala 14.83. Da farko kyauta ne, ba ya karɓar komai. A farkon 1996 masu shiga suka yi yawa, har kamfanin da ke ajiye masa shafin ya ƙara masa kuɗi zuwa dala 250 a wata. Wannan ya tilasta masa ya fara cire wani ɗan kaso daga kowane ciniki da ya faɗa. Masu sayarwa suka biya ba gardama, kuma tun daga nan kuɗin da ke shigowa ya fi wanda ke fita. Lokacin da kamfanin, wanda ya koma eBay a 1997, ya fito da hannayen jarinsa a 1998, yana cikin 'yan ƙalilan da suka zo kasuwa da riba a hannu.

Dalilin a bayyane yake. Matsayin eBay matsayin dillali ne a kara: saniyar ba tasa ba ce, bai ciyar da ita ba, bai yi dakonta ba, amma idan ciniki ya faɗa la'adarsa ta tabbata. Kamfanin ba shi da sito, ba shi da motar kai kaya, ba ya kwana da hajar da ta ƙi fita. Sai dai dillali na da wani aikin da ya fi haɗa mai saye da mai sayarwa, shi ne tsayawa shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce kuma mai saye zai biya. Wannan ne gurbin da ya fi wuyar cikewa a intanet, inda mutum zai aika kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba a wani gari mai nisa. A watan Fabrairu 1996 Omidyar ya ƙirƙiro tsarin da bayan kowane ciniki ɓangarorin biyu za su ba da shaidar juna a fili, yabo ko ƙorafi, a kuma tara adadin a gefen sunan mutum. Ba fasaha ba ce mai wahala, amma ta mayar da sunan kirki wata dukiya da mai ita ke tsoron rasawa. Wanda ya tara yabo ɗari biyar ba zai zubar da su saboda cutar mutum ɗaya ba. Taurarin da ake gani yau a gefen sunan direba ko mai sayar da takalma jikokin wannan tsari ne.

Hanya ta uku ita ce mafi tsufa: a saro kaya, a sayar, a ci abin da ke tsakani. Jeff Bezos ya kafa Amazon a kusa da Siyatil a 1994, ya buɗe shafin a Yuli 1995, kuma ba da ka ya zaɓi littattafai ba. Littafi ba ya ruɓewa, yana da sauƙin aikawa ta gidan waya, kwafi ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, don haka mai saye ba ya bukatar taɓawa kafin ya yarda. Sunayen littattafan da ke kasuwa kuma sun wuce abin da kowane kanti zai iya jerawa, ga manyan 'yan sari da ke da su a ajiye. A farkon lamari Amazon kan jira oda ta shigo kafin ya nemo littafin daga wurinsu. Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: kuɗin mai saye na shigowa ta katin banki cikin 'yan kwanaki, 'yan sari kuwa sai bayan makonni ake biyan su. Wato kamfanin na juya kuɗin da ba nasa ba ba tare da ya ci bashin banki ba.

Amazon ya ƙara wasu abubuwa da suka zama gama-gari daga baya. Ya bar masu saye su rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashin littafi ko da suka ne, abin da wasu masu buga littattafai ba su ji daɗinsa ba, amma ya sa jama'a suka yarda da shafin. A 1996 ya fara ba wa duk mai shafin da ya turo masa mai saye wani kaso na cinikin, ta haka dubban mutane suka zama 'yan tallansa, ba a biyan su sai an yi ciniki. A 1997 ya kawo saye da dannawa ɗaya ga wanda ya riga ya ajiye adireshinsa da katinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana maganin wata matsala takamaimai: shakkar mai saye, tsadar nemo shi, ko gajiyar da ke sa ya fasa a tsakiyar hanya. Wannan ne ma'aunin da ya dace matashi ya auna duk wani ado da yake son ƙara wa kasuwancinsa da shi.

Duk da haka Amazon ba labarin nasara mai sauƙi ba ne, kuma masu kafa hujja da shi cewa asara ba komai ba ce suna karanta rabin labarin. A shekarar 2000 kaɗai ya yi asarar kimanin dala biliyan 1.4. Abin da ya taimaka masa ya tsallake shi ne rancen da ya karɓo a Turai a watan Fabrairu 2000, na sama da dala miliyan 600, wata guda kafin kasuwar hannayen jari ta rufta. A farkon 2001 ya sallami ma'aikata 1,300. Ribarsa ta farko, dala miliyan 5 kacal, ta zo ne a watanni ukun ƙarshe na 2001, shekara shida da rabi bayan buɗewa. Asarar tasa ta tafi ne wajen gina sito-sito da na'urorin da suka rage masa tsadar kowane aike daga baya, kuma yana da hanyar samun rancen da ɗan ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ita.

Waɗanda suka kwaikwayi siffar Amazon ba tare da lissafinsa ba su ne suka fi ba da darasi. Pets.com na sayar da abincin karnuka da kyanwoyi da sauran kayan dabbobin gida. Buhun abincin kare na da nauyi, ribarsa kaɗan ce, ga shi kamfanin na sayarwa da rangwame yana kuma sassauta kuɗin aike, har ya kasance yana sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro su. A watanninsa na farko a 1999 ya yi cinikin kimanin dala 619,000, ya kashe dala miliyan 11.8 a talla. A Janairu 2000 ya sayi talla a lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda fili ne mafi tsada a talabijin ɗin ƙasar, kuma 'yar tsanar kare da yake talla da ita ta yi suna ƙwarai. Ya tara dala miliyan 82.5 daga sayar da hannayen jari a Fabrairu 2000, ya rufe a Nuwamba na shekarar. Tallan ya yi aiki, mutane sun zo, kuma nan ne matsalar take: kowane sabon mai saye ƙarin asara ne. Idan ana faɗuwa a kowane ciniki, yawan ciniki ba ya warkarwa, sai dai ya gaggauta karyewa.

Webvan ya yi irin wannan kuskure da ya fi girma. Manufarsa kai kayan cefane har gida, sana'ar da ko a kantunan da suka daɗe ribarta siririya ce. Tun bai tabbatar tsarin na biyan kansa a gari ɗaya ba, a 1999 ya ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1 da kamfanin gine-gine na Bechtel don gina manyan sito masu sarrafa kansu a birane 26. Odar da ta shigo ba ta kai ta cika waɗanda aka gina ba. A Yuli 2001 ya durƙushe, ma'aikata kusan 2,000 suka rasa aiki. Kozmo.com kuwa alkawari ya yi zai kai wa mutum ko da abu ɗaya ne, faifan fim ko ɗan abin taɓawa, cikin awa guda ba tare da kuɗin dako ba. Masu saye sun so shi matuƙa, ya kuma rufe a Afrilu 2001. Adalci ne a faɗi cewa tunanin waɗannan kamfanoni ba shirme ba ne. Kamfanin Chewy da aka kafa a 2011 ya sayar da kayan dabbobi ta intanet har aka saye shi sama da dala biliyan 3 a 2017. Amma a lokacin masu intanet sun ninka, hanyoyin aike sun inganta, mutane sun saba da saye ta waya. Tunani mai kyau da ya riga lokacinsa, ko aka faɗaɗa shi kafin a gwada, yana cinye jari kamar maras kyau.

Akwai kuma masu ba da hidima kyauta don su bunƙasa da sauri. Hotmail, wanda Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe a Yuli 1996, ya ba kowa akwatin imel da zai iya buɗewa daga kowace kwamfuta. Dabararsa ita ce ɗan layi da ake liƙawa a ƙasan duk wasiƙar da ta fita, mai gayyatar wanda ya karɓa ya buɗe nasa akwatin. Amfani da hidimar shi ne tallanta, ba tare da an kashe komai ba. Kafin ƙarshen 1997 ya tara sama da mutum miliyan 8, kuma Microsoft ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 400. Abin lura shi ne kuɗin waɗanda suka kafa shi daga mai sayen kamfanin ya fito, ba daga ribar da ya tara ba. A kan kowane Hotmail akwai ɗaruruwan da suka tara jama'a suna jiran mai saye, bai zo ba.

PayPal, mai hidimar aika kuɗi ta intanet, ya fi haka ƙarfin hali: dala 10 yake ba sabon mai rajista, da wata 10 ga wanda ya kawo shi. Ya bunƙasa a tsakanin masu ciniki a eBay, waɗanda kafin nan sai sun jira cek ta gidan waya. Amma kyautar da kuma 'yan damfara masu amfani da katunan sata sun riƙa cinye masa miliyoyi. Bai tsira ba sai da ya rage kyautar, ya fara cire kaso daga hannun 'yan kasuwa a 2000, ya kuma gina tsarin gano zamba. A 2002 eBay ya saye shi a kan dala biliyan 1.5.

Ta fuskar tsarin shafi, Boo.com na Landan ne misalin da ake yawan kawowa. Shagon kayan sawa ne da aka ƙawata da hotuna masu juyawa da wata 'yar zane mai ba da shawara, aka buɗe shi a ƙasashe da dama lokaci guda a ƙarshen 1999. Mafi yawan masu saye a lokacin ta layin tarho mai jan ƙafa suke shiga intanet, shafin kuwa ya yi musu nauyi, sai su gaji su fita. Ya ƙone kimanin dala miliyan 135 cikin wata 18, ya rufe a Mayu 2000. An gina shi ne don na'urorin masu gininsa, ba don na masu saye ba. Duk wanda kwastomominsa ke lissafin data kafin su buɗe bidiyo yana da abin ɗauka a nan.

Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Nasdaq ya kai ƙololuwa, 5,048, ranar 10 ga Maris 2000. Zuwa Oktoba 2002 ya zube da kusan kashi 78 cikin 100. Masu zuba jari suka rufe aljihu, kamfanoni da dama da ke rayuwa da kuɗinsu suka mutu cikin watanni. A cikin wannan ƙunci ne hanyar talla ta sake haihuwa. Tun 1998 Bill Gross ya kafa GoTo.com, inda masu talla ke gwanjon kalmomin da mutane ke nema, ba sa kuma biya sai an danna tallansu. Google ya fara sayar da talla ta AdWords a Oktoba 2000, a 2002 ya koma biya bisa dannawa, ya haɗa da fifita tallan da mutane suka fi dannawa. Bambancin da allon talla na da shi ne ana nuna tallan ga wanda ya riga ya faɗi abin da yake nema, mai talla kuma na iya lissafa abin da kowane kwastoma ya ci masa. Wasu sun tsira ta hanyoyi masu sauƙi. Netflix ya koma karɓar kuɗin wata-wata a 1999 don aika faifan fim ta gidan waya, wanda ya ba shi kuɗin shiga da za a iya hasashe. Craigslist, shafin ƙananan tallace-tallace, ya bar kusan komai kyauta, yana karɓar kuɗi daga masu tallata guraben aiki, ya kuma riƙe ma'aikata 'yan kaɗan.

Waɗannan matsaloli sun sake bayyana a Najeriya lokacin da aka kafa Jumia da Konga a 2012. Rashin yarda ya sa aka rungumi tsarin biya idan kaya sun iso, wanda ya jawo masu saye amma ya ɗora wa mai sayarwa nauyin duk kayan da aka ƙi karɓa, da dakon zuwa da na dawowa. Matashiyar da ke sayar da atamfa ko turare ta WhatsApp daga Kano, da saurayin da ke aika takalma Abuja ta hannun direbobin tasha, suna fuskantar tambayoyin nan a ƙaramin sikeli. Kafin a ƙara talla, ya kamata a zauna da biro da takarda a ɗauki ciniki ɗaya tak: kuɗin sari, leda da kwali, kuɗin mota, data, cajin banki, abin da aka biya mai tallatawa, da rabon wannan ciniki daga asarar kayan da aka dawo da su ko alat na bogi. Abin da ya rage shi ne riba. Idan babu saura, to a gyara farashi ko a sauya haja tun ciniki bai yi yawa ba. Yawan mabiya da yawan masu tambayar farashi ba sa shiga wannan lissafi.

Batun amana ma ana iya gina shi da gangan kamar yadda eBay ya yi: hoton kaya na gaskiya ba wanda aka ɗauko a wani wuri ba, shaidar waɗanda suka saya da izininsu, bayyana sharaɗin mayar da kaya tun kafin a biya, da cika alkawarin ranar isowa. Haja kuma a zaɓe ta da la'akari da hanya, domin abin da ke fashewa, ko ruɓewa, ko sai an gwada a jiki, yana da ɓoyayyen kuɗi da littafi ba shi da shi.

Saura haɗari ɗaya da tarihin ya nuna, wato gini a filin wani. GeoCities ya ba miliyoyin mutane damar buɗe shafukansu kyauta, Yahoo ya saye shi a 1999 a kan sama da dala biliyan 3, sannan a 2009 ya rufe shi a Amurka, shafukan da mutane suka shekara suna ginawa suka tafi. PayPal kansa ya yi shekaru cikin fargaba saboda yawancin cinikinsa a eBay yake, eBay kuma na da nasa tsarin biyan kuɗi mai suna Billpoint da yake son fifitawa. Mai sayarwa a Instagram ko Facebook ko TikTok yana cikin irin wannan hali: ana iya rufe masa shafi, ko a sauya tsarin nuna kaya, ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. Don haka sunayen kwastomomi, lambobinsu, abin da suka saya da ranar da suka saya, su kasance a rubuce a wani wuri da ke hannun mai kasuwancin, ko littafi ne ko fayil, a kuma riƙa sabunta shi duk mako.